Lambar h ta haura 200: me ake aunawa a aikin Rob Knight?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum malamaina. Mai duba aikina ya ce in fara koyon manhajar QIIME 2, don da ita za mu yi nazarin bakteriyar hanji. To duk takardar da na buɗe sai in ci karo da suna ɗaya, Rob Knight na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Na leƙa shafinsa na Google Scholar, inda ake ƙirga yawan ambaton takardun bincike, ambato dubu ɗaruruwa, lambar h ta haura 200. Takardar QIIME ta 2010 kaɗai an ambace ta fiye da sau 30,000. Kuma mutumin nan haihuwar 1976 ne. A sashenmu wanda lambarsa ta kai 15 har tsayawa ake a gaishe shi. Wannan na nufin ya fi kowa ke nan a wannan fanni?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, mu da ba 'yan kimiyya ba a taimaka mana. Mece ce lambar h?

Malama Binta:
Maman Sadiq, lissafi ne mai sauƙi. Idan mutum yana da takardu 15, kuma kowace ɗaya wasu masu bincike sun kafa hujja da ita aƙalla sau 15, lambarsa 15 ce. Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005, kuma a jami'ar da Knight yake yanzu yake koyarwa. Lambar 200 na nufin takardu 200 da kowace ta sami ambato 200 ko fiye.

Ɗan Samaru, kafin ka ce ya fi kowa, dubi irin takardun da ke saman shafin. Akasarinsu kayan aiki ne. Yawancin bakteriyar hanji ba sa jure iskar oksijin, da wuya su tsiro a faranti a ɗakin gwaji, shi ya sa aka koma karanta DNA ɗinsu kai tsaye daga kashi. Akwai wata ƙwayar gado, 16S, da kowace bakteriya ke da ita, tsawonta haruffa kusan 1,500, kuma wasu gaɓoɓinta sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Sai a yanki gaɓa ɗaya, galibi V4 mai haruffa wajen 250, a karanta. Da injinan karatu suka fara zubo miliyoyin jeri, matsalar ta tashi daga ɗakin gwaji ta koma kan kwamfuta. Wa zai jera wannan tulin?

A nan Knight ya shigo. A 2005, yana Jami'ar Kolorado, shi da ɗalibarsa Catherine Lozupone suka fito da UniFrac. Kana da samfuri biyu, sai ka ɗora duk bakteriyar da ke cikinsu a kan bishiyar dangantaka, ka auna tsawon rassan da ɗaya ya keɓanta da su. In rassan da suka haɗa su sun yi yawa, makusanta ne. A 2008 shi da wasu abokan aikinsa suka fito da hanyar liƙa wa kowane samfuri wata gajeriyar alamar DNA, ta yadda za a zuba samfura ɗaruruwa a inji ɗaya lokaci guda sannan a ware su daga baya. Sai QIIME a 2010 a mujallar Nature Methods, wadda ta haɗa matakan wuri guda kuma aka bayar da ita kyauta. Duk wanda ya yi aiki da ita dole ya ambace ta. Kai ma za ka ambaci QIIME 2 a kundinka, ko ka karanta takardar ko ba ka karanta ba.

Dokta Auwal:
Malama kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kuma a duba waye sunan farko a takardar QIIME. Greg Caporaso ne. QIIME 2 kuwa da ta fito a 2019, sunan farko Evan Bolyen, jagoran aikin Caporaso, daga ɗakin bincikensa a Arizona. Sunaye sun haura 100 a wannan takarda, kuma kowane ɗayansu Google Scholar ya ba shi cikakken ambato, ba a raba. Wanda ya kwana yana rubuta manhajar da wanda ya gwada wani ɗan ɓangare, ladansu ɗaya a wajen na'ura. A fiziks akwai takardar 2015 ta ma'aikatan CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, mai sunaye 5,154. Kowa ya kwashi rabonsa cif.

Ni fa ban yarda ɗan Adam zai iya karanta takardu sama da dubu da idon basira ba, balle ya rubuta su.

Baba Farfesa:
Auwal, sannu-sannu. Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba sabon abu ba ne, kuma ba laifin Knight ba ne. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin takardu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, yadda ake auna furotin a cikin ruwa, ambato sama da 305,000. Ta biyu Laemmli, ta uku Bradford, duk hanyoyin aiki. BLAST da Clustal, manhajojin kwatanta jerin DNA da furotin, suna ciki. Takardar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta ma shiga jerin ba. Me ya sa? Domin abin da ya zama sanin kowa an daina ambatonsa, ya koma littafin aji ɗaya. Wanda ya ƙera mudun da duk kasuwa ke awo da shi, sunansa ba zai bar bakin mutane ba, amma ba shi ya noma hatsin ba, kuma ba shi zai rantse a kan tsabar abin da aka auna ba.

Sai dai kada a raina maƙerin mudu. Kafin waɗannan manhajoji kowane ɗakin bincike da tasa hanyar, ba ka isa ka kwatanta sakamakon wani da na wani ba. Aikin Earth Microbiome Project da ya kafa da Jack Gilbert da Janet Jansson a 2010 ya tsayar da hanya ɗaya tun daga ciro DNA har zuwa lissafi. Takardarsu ta 2017 ta haɗa samfura 27,751 daga ƙasa, ruwa, dabbobi da tsirrai. Ka san wahalar shawo kan malamai uku a sashe ɗaya su yarda da tsari ɗaya, balle ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban.

Dokta Auwal:
Allah ya gafarta Malam, ban raina ba. Amma tunda an zo nan bari in ajiye abin da ɗalibin nan ba zai gani a shafin ba. A 2020 ɗakin binciken Knight ya fitar da takarda a Nature, sunan farko Gregory Poore. Sun ɗauki bayanan samfura sama da 18,000 na ciwon daji iri 33, suka ce kowane irin daji yana da tasa alamar ƙananan halittu, har kwamfuta za ta iya gane shi, wani lokaci daga jini kawai. Duniya ta ɗauka. Aka kafa kamfani, Micronoma, a kan wannan tunani. Aka ambaci takardar sau ɗaruruwa, wasu ma suka ɗauki bayananta suka gina nasu binciken a kai.

A 2023 Abraham Gihawi na Ingila da Steven Salzberg na Johns Hopkins da abokan aikinsu suka sake lissafin, suka buga a mujallar mBio. Matsala biyu suka nuna. Ta farko, miliyoyin jerin da aka ce na bakteriya ne ashe DNA ɗin mutum ne, saboda rumbun da aka kwatanta da shi ya gurɓata da jerin ɗan Adam. Ta biyu, hanyar daidaita alƙaluman ta saka wa kowane irin daji wata alama ta bogi, har a inda asalin ƙirgen sifili ne, sai kwamfutar ta riƙa gane alamar maimakon cutar. Abin da ya fara tayar musu da hankali shi ne ganin halittun da aka sani a teku da jikin tsirrai wai su ne ke bambance dajin mutum. A watan Yunin 2024 Nature ta janye takardar.

Yanzu tambayata, ambaton da ta tara ina ya tafi? Yana nan. Ba a cire ko ɗaya ba. Har waɗanda suka ambace ta don su ce kuskure ce sun ƙara mata maki.

Malama Binta:
Dokta a yi adalci dai. Marubutan sun amince da janyewar. Kuma a 2024 sun buga wani sabon nazari a mujallar Oncogene suna cewa ko an gyara, akwai alamar da ta rage. Salzberg da mutanensa ba su gamsu ba, gardamar ba ta mutu ba. Sannan ta yaya aka kama kuskuren? Saboda bayanan da lissafin a buɗe suke, kowa na iya saukewa ya duba. Takardu nawa ne a wajenmu da ko ka roƙi marubucin da Allah ba zai ba ka ɗanyen bayanansa ba? Waɗannan ba a janye su, domin babu mai iya dubawa.

Dokta Auwal:
Na yarda da wannan. Ban ce ya yi coge ba, kuma babu wanda ya ce haka a cikin abin da na kawo. Magana ta ita ce lamba makauniya ce. Takardar Wakefield ta 1998 da ta jingina rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, an janye ta tun 2010, har gobe ana ambatonta.

Maman Sadiq:
Ni dai abin da na taɓa ji a rediyo shi ne bakteriyar jikinmu sun ninka ƙwayoyin jikinmu sau goma. Shi ma Knight ne ya gano?

Baba Farfesa:
A'a 'yata, kuma ma ba haka ba ne. Wani ƙiyasi ne na kan takarda da Thomas Luckey ya yi a 1972, wani ya kwafa, wani ya kwafi wanda ya kwafa, shekara arba'in ana yawo da shi a manyan mujallu. Sai a 2016 Ron Sender da Shai Fuchs da Ron Milo suka zauna suka ƙirga da kyau: bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin jikin mutum kusan tiriliyan 30. Kusan kunnen doki. Har suka ce shiga bayan gida sau ɗaya na iya juya lissafin.

Likitan Yara:
Ni ba ruwana da lamba. Ina ganin yara masu tamowa kullum, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja. Abin da nake tambaya shi ne wanne daga cikin ayyukan nan ya kusanci gadon asibiti. In haka ne, sunan da zan kira shi ne Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis, kuma Knight ya daɗe yana aiki da shi ta ɓangaren lissafi.

A 2013 suka buga a Science binciken tagwaye daga haihuwa 317 a Malawi. Gida ɗaya, uwa ɗaya, tukunya ɗaya, amma sai ka ga ɗaya ya kumbura ɗaya lafiya lau. Suka ɗauki bakteriyar kashin irin waɗannan tagwaye suka sa wa ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu ba. Ɓerayen da suka karɓi ta yaro mai cutar, aka kuma ba su irin abincin can, suka rame sosai. Wato ba ƙarancin abinci kaɗai ba ne, har da waɗanda ke zaune a hanjin.

Ba su tsaya nan ba. Da cibiyar binciken lafiya ta icddr,b da ke Dhaka a Bangladesh, tare da Tahmeed Ahmed, suka haɗa wani abinci da suka kira MDCF-2: garin wani wake na can, garin waken suya, gyaɗa da ɗanyar ayaba, an zaɓo su ne don su ciyar da bakteriyar da yaro mai lafiya ke da su a wannan shekaru. A gwajin da ya fito a New England Journal of Medicine a 2021, yara 123 'yan wata 12 zuwa 18, waɗanda suka ci wannan sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin tallafi na yau da kullum, alhali nasu bai kai wancan yawan kuzari ba. Gwajin ƙarami ne, ban ce an gama ba. Amma gyaɗa da waken suya muna da su a nan. Wannan takarda ba za ta taɓa kamo QIIME a ambato ba, ni kuma ita na fi ajiyewa kusa.

Malama Binta:
Likita, da me kake jin aka yi nazarin kashin yaran Malawin? Sunan Knight na cikin takardar 2013. Haka ta 2012 ta Tanya Yatsunenko da ta kwatanta mutum 531 daga Malawi, Amazon ta Benezuwela da Amurka, da UniFrac aka nuna cewa hanjin yaro na ɗaukar kimanin shekara uku kafin ya yi kama da na babba. Ba a raba su. Kyautar Massry ta 2017 ma su uku aka ba, Gordon, Knight da Norman Pace.

Likitan Yara:
Ban musa ba Malama. Na ce dai in lamba kaɗai zan bi, ba zan san wace takarda ce ta shafi majinyatana ba.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba. Wannan ambato dubu ɗaruruwa, hanjin su wa aka yi a kai? A 2022 Richard Abdill da Ran Blekhman da abokiyar aikinsu suka ƙirga samfuran ɗan Adam sama da 440,000 da ke rumbunan da kowa ke iya shiga. Cikin waɗanda aka san asalinsu, sama da kashi 71 cikin ɗari daga Turai, Amurka da Kanada suke. Amurka kaɗai kusan kashi 47, ita da ba ta kai kashi 5 na mutanen duniya ba. Shi kansa American Gut Project da Knight ya kafa da Jeff Leach a 2012, mutane ne suka riƙa biyan kuɗi suna aikawa da samfurinsu ta gidan waya. Wa ke da kuɗin da sha'awar yin haka? Daga can aka samo maganar nan da ta cika intanet, wai a ci tsirrai iri 30 a mako.

Mu kuma hanjinmu daban ne. Tun 2010 Carlotta De Filippo ta kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yara 15 na Florence a Italiya. Na Burkina cike suke da bakteriyar Prevotella mai narkar da dusa, wadda na Italiya kusan ba su da ita. Yara 29 kacal, amma an ambaci takardar sau dubbai, saboda shekara da shekaru duk mai son ya ce "a Afirka" ita yake ɗaukowa. Yawan ambatonta shaida ce ta ƙarancin wasu. Idan ɗalibin nan ya kwatanta jerinsa da rumbun da aka gina da hanjin Turawa, zai ga da yawa sun fito babu suna.

Malama Binta:
Gaskiya ne, amma an fara motsi. Funmilola Ayeni, wadda ke Jami'ar Ibadan a lokacin, da abokan aikinta na Bologna sun buga a Cell Reports a 2018, manoman Bassa na karkara da mazauna birane a Najeriya, jarirai da manya. A 2025 kuma aikin AWI-Gen 2 ya fito a Nature, mata wajen 1,800 daga Burkina Faso, Gana, Kenya da Afirka ta Kudu, an gano jinsunan bakteriya masu yawa da babu su a rumbu a da. H3ABioNet, haɗakar masana nazarin bayanan halitta da kwamfuta ta Afirka, da Nicola Mulder ta jagoranta daga Cape Town ta horar da mutane da dama a kan nazarin 16S. Ɗan Samaru, waɗannan ya kamata su cika babinka na biyu.

Dokta Auwal:
Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka ɗauki lambar muka mayar da ita alƙali. Can da suka ƙirƙiro ta sun fara ja da baya. Sanarwar DORA ta San Faransisko tun 2012 ta ce a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Sanarwar Leiden ta 2015 ta ce lamba ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. A 2023 Clarivate, ma'aikata mai ƙirga ambaton takardu, ta cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinta na waɗanda aka fi ambata, saboda gungun masu ambaton juna sun lalata shi. Mu kuwa lokacin ƙarin girma ya zo, sai a fara "sa ni in sa ka". Takarda a kan zawon yara, sunaye tara, har da wanda bai san inda aka ɗebo samfurin ba. Na zauna a kwamiti inda aka ƙirga takardun mutum ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya buɗe ko shafin farko.

Baba Farfesa:
To ka ba ni abin da zan maye gurbinta da shi. Ina da fayil arba'in a gabana, daga fannoni goma, mako biyu. In ka ce a bar wa hukuncin masana, a wajenmu ka san hukuncin wa zai zama: na wanda ya fi kusa da shugaba. Lamba da duk makantarta ta ceci yara da yawa da ba su da uban gida. Na ga haka da idona. Abin da nake yi shi ne in ce wa mai nema ya zaɓo takardu uku da ya fi alfahari da su, ya zauna ya faɗa min me ya yi da hannunsa a kowace. Minti goma sun isa.

Dokta Auwal:
Wannan kam na sa hannu, ranka ya daɗe. Da za a mayar da shi doka.

Ɗan Samaru:
Na gode malamaina. Amma har yanzu ina da ruɗani ɗaya. Na so in gina aikina a kan rabon Firmicutes da Bacteroidetes, manyan rukunoni biyu na bakteriyar hanji, don na ga takardun ƙiba na 2005 da 2006 an ambace su sau dubbai.

Malama Binta:
Kada ka soma. Takardar Ruth Ley ta 2005 a ɓeraye aka yi ta, kuma sakamakon ɓerayen yana nan. A mutane ne abin ya ƙi tsayawa. Marc Sze da Patrick Schloss na Michigan sun haɗa bincike goma a 2016, suka ga wannan rabo ba ya bambance mai ƙiba da marar ƙiba yadda ake faɗa. Shi kansa Knight, da William Walters, sun buga irin wannan a 2014. Waɗannan ba su sami ko kusa da ambaton na farkon ba, shi ya sa ba ka gan su a sama ba.

Ga abin da za ka kula da shi tun yanzu. Samfurin kashi yana canzawa in ya daɗe a zafi, wasu bakteriya na ci gaba da hayayyafa a cikin kwalba. In ba ka da tabbacin firiza mai riƙe sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, nemi ruwan adana samfuri kafin ka fita fili, ka sa kuɗinsa a kasafinka. Ka haɗa da kwalbar da babu komai a ciki sai ruwan aikin, a bi da ita duk matakan, don ka san me ya fito daga kayan aiki me ya fito daga yaro. Kuma cikin QIIME 2 ka yi aiki da DADA2 wajen tace jeri, ka bar tsohuwar hanyar tara jeri a kan kamannin kashi 97.

Ɗan Damagaram:
Ka rubuta abin da kowane yaro ya ci da kuma ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a watannin baya. Ka tambaya da sunan da iyaye suka sani, ja da yalo, ko ka ce su nuno maka kwalin, don in ka ce "antibayotik" za a ce maka a'a.

Ɗan Samaru:
In sha Allah. Malama, kwamfutata mai giga 8 ce, za ta ɗauka?

Malama Binta:
Tace jerin za ta yi in samfuran ba su da yawa, sai dai ta daɗe. Inda za ta sare shi ne wajen sa wa bakteriya suna da rumbun SILVA, yana cin ƙwaƙwalwa sosai. Ka sauke wanda aka riga aka horar a kan gaɓar V4, kada ka ce za ka horar da naka. In ta ƙi, ka ɗora bayanan a Galaxy, dandalin nazarin bayanai na intanet, kyauta ne. Ka turo min tsarin aikinka kafin ka kai wa kwamitin ɗa'a.